Na Buga Sanarwar Rasuwa da Sunan Mai Rai

Edita, na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina ganin nawa bai kai a buga ba, tunda babu kotu a cikinsa, babu kurkuku, ko mari ba a yi mini ba. Amma shekaru sun tura abin bai sake ni ba, shi ya sa na ce bari in fitar da shi ko na samu sauƙi. A farkon shekarun dubu biyu ni budurwa ce mai ji da kanta a garin Zuru, ɗiyar tsohon soja, na gama sakandare ina aiki a shagon buga takardu na mijin yayata, kusa da tasha. Lokacin kwamfuta ba ta yawaita ba, wayar salula ma ba ta iso mana ba tukuna. Hannuna na da sauri, kuma na san da haka. Abin da na fi taƙama da shi shi ne ina bugu ba tare da na kalli allo ba, ina hira da mai aiki, ina dariya, yatsuna na ta aikinsu. Mutane kan tsaya a bakin ƙofa suna kallona, ni kuwa kai sai ƙara kumbura yake.

Yawancin aikinmu sanarwa ce, ta aure, ta godiya, ta rasuwa, irin wadda ake rarraba wa majami'u a karanta ran Lahadi ko a manna a ƙofar masallaci. Mijin yayata ya koyi kwamfuta ne lokacin da yake aikin ofis a bariki, don haka ya tsara mana na'urar yadda za ta riƙa yi mini tambaya ɗaya bayan ɗaya a ƙasan allo, ta tambayi suna, ta tambayi gari, sai ta zuba su cikin sanarwar da kanta. In na fara buga haruffan farko na suna, sai ta ƙarasa mini da wani sunan da aka taɓa bugawa mai irin wannan farkon, in na danna babban maɓallin enta shi ke nan ta ɗauka. Wurin gari kuwa, garin mai wannan sunan nake tararwa a rubuce yana jirana, sai in na goge shi. Ya sha gaya mini cewa abin da na tarar a wurin ba amsa ba ce, ɗumamen jiya ne, in duba shi kafin in miƙa wa baƙo. Nakan ce masa to, a raina kuwa ina cewa shi da yake bugu da yatsa biyu kamar kaza na tsince dawa, me zai koya mini.

A cikin damina wani kofur ɗan garin Dabai da ke kusa da mu ya zo hutu daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya shigo in buga masa sanarwar godiya ga Allah da ya dawo da shi lafiya. Mutum ne mai barkwanci, har ya ce in sun samu irina a bakin daga za a gama yaƙi kafin a sha kunu. Na buga masa, aka karanta a cocinsu, hutunsa ya ƙare ya koma bakin aiki. Ni na manta da shi, amma na'urar ba ta manta ba.

Bayan 'yan makonni, wata Asabar shago cike da mutane, ba wuta, janareta na ta tari, wani dattijo daga Rikoto, nan yankinmu, ya shigo ya zauna a gefen benci har layi ya zo kansa. Manomi ne, bai iya karatun boko ba. Ya ce ɗan ƙanwarsa ne ya rasu a can ƙasar waje, wani hafsa ya zo har gida ya sanar da su, an kuma binne shi a can, ko maɓallin rigarsa ba a kawo ba. Yana so a sanar da majami'u ranar da za a yi masa addu'a a gidan iyayensa. Ya faɗi sunan, shi ma kofur ne, kuma sunansa na farko iri ɗaya da na ɗan Dabai, irin sunan nan da kowane gida a ƙasarmu ke da mai shi. Na buga haruffan farko, hankalina na kan janareta da ke neman mutuwa, na danna enta, na sake dannawa, firinta ta fara aiki. Dattijon ya karɓi takardun da hannu biyu, ya tambaye ni ko an sa komai daidai, ko zan karanta masa ya ji. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na'ura ba ta kuskure. Wannan maganar da bakina na faɗe ta, har yau ina jin ta.

Washegari ina zaune a cocinmu aka zo kan sanarwa. Da magatakarda ya karanta sunan da garin, nan take fuskar mai barkwancin nan ta faɗo mini. Ban jira an tashi ba na fita na nemo mijin yayata, muka hau babur sai Dabai. Tun daga bakin hanya muke jin kuka. Matar kofur ɗin na kwance a ƙasa da goyo, an kasa ɗaga ta. Na durƙusa a tsakar gidan na faɗi abin da na yi, mijin yayata ya ƙara bayani. Uban ya yi mini faɗa kamar zai haɗiye ni, wata gwaggo ta zage ni tas har da iyayena, ban ɗaga kai ba domin na cancanta. Amma kafin mu fito kukan ya juye, matar na rungume da ɗanta tana dariya tana hawaye. A hanyar dawowa na ce a raina mafi wuyar ta wuce, su mutanen Rikoto ai sabuwar takarda kawai suke buƙata. Na bar zancen sai sun zo da kansu, don gaskiya kunya ta hana ni zuwa.

Ana tsakiyar mako sai ga dattijon nan ya shigo shago da fara'a, riƙe da kaza da ƙullin gyaɗa, ya ce ƙanwarsa ce ta aiko mini. Ban gane ba sai da ya zauna ya warware mini. Ashe da aka karanta takardar a cocinsu aka ji wani suna daban da wani gari, sai mutane suka fara haɗa zance. Suka ce sunan farko ɗaya, muƙami ɗaya, ba gawa, ba kaya, ƙila hafsan nan gida ya ɓata. Wani ya ƙara da cewa mai shagon ai tsohon ma'aikacin bariki ne, na'urarsa tana da haɗi da can, ita ce ta gano gaskiya ta gyara sunan da kanta. Uwar ta kama wannan maganar ta riƙe, shi kansa dattijon ya fara yarda. Labarin zuwanmu Dabai ya iso musu a karkace, wasu ma cewa suke ta'aziyya muka je. Na kalli kazar nan da ƙafafunta a ɗaure. Da ƙyar na samu na gaya masa gaskiya. Ya ce shi ya riga ya tsaya kusa da ƙanwarsa ranar da aka kawo labarin farko, ba zai iya na biyu ba, in tashi in bi shi in faɗa mata da bakina.

Mun iske gidan a share fes. Matan zumunta na coci da suka zo zaman makoki duk sun watse. Uwar ta buɗe ɗakin ɗanta yana shan iska, ta wanke zannuwan gadonsa ta shanya a igiya, tana tsugune tana tsince wake, wai abin da ya fi so ke nan. Da dattijon ya ce mata ga yarinyar shagon, ta miƙe da sauri ta kama hannuwana biyu tana sa mini albarka, ta ce yatsun nan ne suka dawo mata da ɗa. Ta kawo mini kunu, ta shimfiɗa mini tabarma. Edita, ban taɓa son ƙasa ta buɗe in shige ba kamar ranar. Na ƙi tabarmar na durƙusa a ƙasa, na fara da Hausa na kasa, na koma yarenmu na C'lela. Na gaya mata na'urar ba ta da haɗi da bariki, ba ta san wanda ya mutu ko wanda ke raye ba, sunan wani da ya taɓa zuwa ta miƙo mini, ni kuma na karɓa ban duba ba. Na ce abin da hafsan ya faɗa mata yana nan yadda yake.

Ba ta saki hannuna ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wato injin naku bai san ɗana ba ke nan?" Na ce bai taɓa jin sunansa ba, Mama. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To tahi ki hwaɗa mai. Ki rubuta shi duka, har da sunan ubansa, kada ki rage komi." Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta juya ta nufi igiya ta fara kwashe zannuwan nan, ko bushewa ba su yi ba, tana ninke su ɗaya bayan ɗaya. Sai da na fita ƙofar gida na ji kukanta ya tashi. Hafsan da ya kawo labarin farko aikinsa ya yi, ni kuwa na biyun nan gangancina ne ya haife shi.

Na koma shago na sake buga sanarwar harafi bayan harafi, na karanta wa dattijon da ƙarfi har sau biyu kafin in ba shi. Na je addu'ar na zauna can baya. Uwar ta rayu wasu shekaru bayan haka, in mun haɗu a kasuwa tana amsa gaisuwata da kyau, amma ba ta sake kama hannuna ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, tun daga ranar na'urar ta riƙe sunan marigayin. Duk wanda ya zo mai irin wannan sunan na farko, ko ango ne, ko mai sunan jariri, ina buga haruffan farko sai sunan kofur ɗan Rikoto ya bayyana a ƙasan allo, cikakke da sunan ubansa, yana jiran in danna. Mijin yayata ya lura ina tsayawa, ya ce zai iya goge shi cikin minti ɗaya. Na roƙe shi ya bari.

Yanzu na'urori sun fi na wancan lokacin wayo, har wayar hannu ƙarasa wa mutum magana take yi, kuma ina ganin yara na dannawa ba sa ko kallo, kamar yadda na yi. Ina roƙon duk mai buga wa jama'a takarda, a shago ko a ofis ko a asibiti, in ka tarar da wuri a cike, ka tambayi kanka wa ya cika shi, kuma don wa. Ka goge, ka rubuta abin da mutumin da ke gabanka ya faɗa, ka karanta masa ya ji da kunnensa, musamman in bai iya karatu ba, domin kai ne idonsa. Na yi shekaru a shagon nan bayan abin da ya faru, saurina ya ragu har ana yi mini tsiya, ban damu ba. Har na bar aikin sunan nan yana fitowa, kuma ban taɓa goge shi daga allo ba sai na karanta shi har ƙarshe, yadda uwarsa ta ce.