Ganyen da Baba ya haƙo

Haƙar rijiya ce sana'ar babana. A shekarun farko na dawowar shari'a yana haƙa wata a wani ƙauye bayan Sandamu, ya yi nisa ƙasa sosai, sai digarsa ta ɓallo wani dutse kamar tafin hannu. Da ya tsage, ga siffar ganye kwance a ciki, har da jijiyoyinsa.

Ni ya kawo wa, tunda ni ke koyar da kimiyya. Ya ce, "Kai ɗan boko, wace bishiya ce wannan?"

Wata biyu muna nema. Ya tsinko ganyen gamji, na ɓaure, na kanya, muna ɗorawa a kai, babu wanda ya dace. Na jikin dutsen tsawonsa kamar ɗan yatsa ne, gefensa da ƙananan haƙora irin na zarto, jijiya uku sun tashi tun daga gindi. Na zana shi a littafi, na rubuta siffarsa, na gaya wa Baba irin bishiyar ta ƙare tun kafin a yi mutum. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah!"

Abokan aikina kuwa dariya suka yi, wai malam ya koma tsintar duwatsu. Baba kaɗai ke tambayata. Na ƙudura kai dutsen jami'a in an yi hutu, na ajiye shi cikin kwallar Inna, na koma bakin aiki Mai'adua.

Kafin hutu ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Da na zo na buɗe kwalla, sai ɗan guntu kamar ɓarin goro. Ashe maƙwabta sun gaya wa Inna ganyen zamanin Ɗufana ne, akwai waraka a cikinsa. Kullum sai ta goga shi a dutsen niƙa, ta jiƙa garin ta ba shi ya sha.

Wallahi na yi faɗa. Na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da ban taɓa yi ba, Baba na kwance yana ji. Ya ce a hankali, "Ƙyale ta, ɗan boko. Na san ba magani ba ne. Shi kaɗai ya rage mata ta yi mini."

Kwana tara ya ƙara a duniya.

Zanen yana nan. Duk wanda na nuna wa sai ya ce na iya zane. Inna ba ta sake ambatar dutsen ba har ta rasu, ni kuma kunya ta hana ni ba ta haƙuri. Yanzu ba ni da wanda zan ce wa, "Ka tuna ganyen nan?"