Gishiri a Jarkar Baba Sale

A ƙauyenmu da ke gefen Gagarawa, bazara ba ta wasa da kowa. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, guga ya sauka rijiya ya dawo rabinsa laka. A irin wannan lokacin kowane gida miyar kuka yake sha har damina ta faɗi, ban da gidanmu. Kakata, Iya Dije, tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta. Bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma akwai alayyafo da yakuwa da kuɓewa da tumatir, kore shar a tsakiyar fari.

Dabarar tata ce, ba wanda ya koya mata. Wata shekara an kwantar da ita a asibiti a Gumel, ta kwana uku tana kallon yadda ruwan da ake ƙara mata yake ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Da aka sallame ta sai ta roƙi robobin ƙarin ruwan, ta dawo gida ta tafasa su. Ta huda gindin tsohuwar jarka da ƙusa mai zafi, ta soka roba, ta liƙe da ƙaro, ta rataye jarkar a jikin gwafa. Ruwa yana ɗiga a gindin shuka yini guda, ba ya ƙarewa.

Dangar kara ce kawai tsakaninmu da Baba Sale, ƙanin marigayi kakana. Ya leƙo ya gani, ya je ya haɗa tasa. Wannan bai dami Iya ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne da mutane suka fara zuwa kallo, sai ya riƙa cewa a kasuwar Maigatari ya gano dabarar a wurin mutanen Nijar, kuma shi ya koya wa Dije. Daga nan wasan ƙanin miji da ke tsakaninsu ya koma gaba. Wata safiya kuma muka tarar da robobinta a gutsure wuri uku. Mahaifiyata ta ce wataƙila ɓera ne ƙishirwa ta koro.

"Ɓera ne mana," in ji Iya. "Ɓera mai hula."

Ina da shekara tara a lokacin. Kullum bayan an ci tuwo mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da murhu, wuta ta zama garwashi, Iya ta watsa ganyen darbejiya saboda ƙwari, sannan ta fara yi mana tatsuniya. A baya muryarta a hankali take fita, sai ka matso. Amma a bazarar nan ta mayar da kujerarta jikin danga, daidai inda ta san Baba Sale yana zaune a kan buzunsa a ɗaya gefen, ta kuma koyi ɗaga murya.

"Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai kunne a bayan danga."

Mu ce ta zo mu ji ta, muna ƙunshe dariya.

Tatsuniyar ɗaya ce, ta Bushiya da Kurege. An yi fari, dabbobi suka rasa abin miya. Bushiya ta binne fasasshen tulu a gonarta, ta riƙa ɗauko raɓa da ƙayarta tana zubawa a ciki, har kabewarta ta yi yabanya. Kurege maƙwabcinta, wanda bai iya komai ba sai ɗaga jela, ya haƙa rami ta ƙarƙashi ya janye ruwan zuwa tasa gonar, sannan ya hau suri yana shela cewa shi ne uban dabara. Bushiya ta kai ƙara wurin Zaki, Zaki ya ce ba shaida. Sai ta tafi ta samo gishiri ta cika tulun da shi. Ruwa ya bi ramin ɓarawo, gonar Kurege ta ƙone ƙurmus.

"Kun ji," Iya za ta ce, tana tona garwashi da kara. "Wanda ya sha ruwan da ba nasa ba, kada ya yi kukan ɗaci. Ƙurunƙus kan wanda ya tsargu."

Daga bayan danga sai mu ji Baba Sale ya yi gyaran murya ya ƙara sautin rediyonsa. Kullum kuma ƙarshen Kurege ƙara muni yake yi. Yau jelarsa ta guntule, gobe 'ya'yansa su watse, jibi ya makance. Ni kuwa ina kwance a jikin ƙafarta ina haɗiye kowace kalma. Na tsani Kurege har cikin raina, kuma na san gidansa.

Ran wata Alhamis, Baba Sale ya tafi kasuwa, matan gidansa suna barcin rana saboda zafi. Na ɗebi gishirin mahaifiyata cikin kwanon sha, na bi ta ɓular da awaki suka yi a danga, na juye shi a jarkokinsa biyu, na jijjiga. Na dawo ina jin kaina kamar wadda ta yi jihadi.

Bayan kwana uku ganyen shukar Baba Sale ya yi laushi, gefensa ya ƙone. A na biyar tumatirinsa ya kwanta. Ya ga farin abu a gindin shuka, ya dangwala a harshe, sai muka ji ihunsa.

"Dije! Fito ki ga aikinki! Wata biyu ina jan ruwa da wannan ƙugun nawa!"

Iya ta fito tana ɗaura ɗankwali. "Kada ka kira sunana da bakin da ka saba ƙarya da shi, Sale."

"Kin faɗa da bakinki, duk unguwa ta ji! Allah ya isa tsakanina da ke!"

Maƙwabta suka taru, aka kira mai unguwa, aka ba kowa haƙuri, ba wanda ya haƙura. A ranar Baba Sale ya sa aka cire dangar aka fara ginin katanga. Ya hana jikokinsa shiga gidanmu, har da Ladi, ƙawata da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Ragowar bazarar nan iyalinsa busasshiyar kuka suka sha, mu muna cin alayyafo, ƙamshinsa yana tsallaka musu.

Mahaifiyata ce ta ga gishirinta ya yi ƙasa, ta faɗa wa Iya. Da yamma Iya ta kira ni bayan ɗaki, ta kama kunnena ta murɗe har na ga taurari.

"Ke, tatsuniya na ba ki ko aike?"

Na ce ai Bushiya ma haka ta yi. Ta sake ni, ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta ja ni zuwa gidansa in ba da haƙuri. Sai ta ce, "In kika faɗa wa wani, sai na yanke harshen nan." Ta gwammace a ce ita ta yi da a ce ta je ƙofar Sale da kai a ƙasa. Daga ranar ba ta sake yin tatsuniyar Bushiya ba, kuma ba ta sake yi masa magana ba har ta koma ga Mahaliccinta bayan shekara goma sha ɗaya. Ya bi gawarta, ya tsaya a sahun baya, bai shigo gaisuwa ba.

Sai da na yi aure a Gumel na haifi 'ya'ya biyu sannan na iya zuwa wurinsa. Na same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, gishirin nan ni na zuba, ba Iya ba. Ka yafe mini."

Bai ko motsa ba. "Na sani," ya ce. "Sawunki na gani a gindin gwafa tun a ranar."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In yi shari'a da kibiya in bar mai baka? Ke tashi ki tafi, ba ki da laifi a wurina. Wadda nake jira ta zo, ba ta zo ba."

Na tashi na fito. Na zo neman gafara, sai na tarar ma ba a taɓa lissafa ni cikin masu faɗan ba.

Har yau ina son Iya, kuma har yau ina jin haushinta. Ta fi duk wanda na sani basira, amma ta ɗauki fushin da ya fi ƙarfin bakinta ta zuba a kunnen yarinya, ta kira shi hira. Yanzu ni ma ina yi wa yarana tatsuniya. Duk ranar da wani ya ɓata mini rai, suka taru suka ce in ba su labari, sai in ce yau babu, su je su yi wasa. Na san abin da zan sa wa dabbobin a baki, kuma na san akwai mai saurare da zai ɗauka da gaske.