Layin da na yanke daga saƙon maganin wake

Ban wuce aji shida a lakwal ba. Shi ya sa duk takardar da ta bi ta hannuna sai na karanta ta sau uku, wani lokaci ma in kai bakin ƙofa in dawo in sake dubawa. Na fara aiki a wani shagon fotokopi a Zango, inda mai shagon ya koya mini buga rubutu a ordinatar, wato kwamfuta, don ya samu damar fita harkokinsa. A nan wani malamin gona ya same ni wata rana ina yi wa wani dattijo bayanin takardar da ya kawo da Hausa. Ya tsaya ya saurara har na gama. Bayan kwana biyu ya kai ni biro ɗinsu, wato ofis, na wani furoje, shirin tallafi mai aiki da ƙungiyoyin manoma, ya ce wa Madam, shugabar wurin, ga mutumin da suke nema.

Aikin shi ne malamin gona ya faɗa mini abin da ya sani, ni kuma in rubuta shi a shafi ɗaya yadda manomi zai gane: yadda ake wanke iri, yadda ake auna taki da marfin kwalba, yadda ake share fuskar faranti mai ɗaukar hasken rana. Na so aikin, amma tsoronsa ya fi yawa. Kullum ina ganin wata rana za a tambaye ni takardar shaidar karatu, a ce in koma inda na fito. Saboda haka ba na musu da kowa a biro. Abin da aka ce in yi, shi nake yi.

Da salula ta yawaita a ƙauyuka, Madam ta ce takarda ba ta nisa, mu riƙa karanta rubutun a saƙon murya, shugabannin ƙungiyoyi su tura wa mutanensu. Ta kafa doka ɗaya, kada saƙo ya wuce minti guda, don in ya yi tsawo mutane ba sa buɗewa, yana cinye musu kuɗin waya. Gaskiyarta ce, na ga haka da idona.

Da kakar wata shekara muka yi rubutu a kan ƙwayar da ake sa wa wake don kada ƙwari su cinye shi, wadda manoma ke kira bom. Ana naɗe ta a tsumma, a cusa cikin buhu, a ɗaure baki, a rufe da leda, a kulle wurin na wasu kwanaki. Iskar da take fitarwa ita ke kashe ƙwarin. A ƙasan shafin na rubuta gargaɗin malamin gona, cewa kada a yi wannan a ɗakin da mutum ko dabba ke kwana, don iskar tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. A ƙasa na sa shi, saboda duk takardun da na taɓa gani a ƙasa suke sa gargaɗi.

Na karanta a salula, ya wuce minti. Na sake da sauri har harshena na harɗewa, ya wuce. Malamin gona yana daji, Madam tana jiran saƙon kafin azahar. Sai na dubi shafin, na ga abin da ya fi sauƙin cirewa shi ne na ƙarshe. Na ce wa kaina ai yana nan a takarda, kuma ƙungiyoyin duk suna da mangaza inda suke tara buhuna, ba mai kwana a ciki. Na karanta ba tare da shi ba. Minti guda cif. Madam ta saurara tana amsa wata wayar, ta ɗaga mini yatsa, aka tura.

Hankalina bai kwanta ba. Kwanaki ina jin kamar na fito gida na bar wuta a kunne. Sau biyu na tsaya a ƙofar Madam, na koma ban yi magana ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi ƙanin matata ya iso gidanmu a Kara-Kara daga ƙauyensu na wajen Gouna. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma bai daina tsokanata ba. Ya zauna a tabarma ya ce yau ya zo ganin babban mutum, wanda muryarsa ta shiga kowane gida ba sallama. Ya fito da salularsa ya kunna, na ji kaina ina bayani a tsanake. Ya ce ba daga ƙungiya ya samu ba, wani ne ya turo masa daga wata kasuwa, kuma takarda kam bai taɓa ganin ta ba.

Matata tana dariya daga madafa. Shi kuma ya ci gaba, wai ko Inna, mahaifiyarsu, da ba ta yarda da maganin zamani, da ta ji muryar surukinta ce sai ta ce a yi mata. Shekaranjiya ya sa wa buhunanta uku, ya rufe da leda, ya toshe tagar da tsumma yadda na ce a kulle wurin.

Na tambaye shi wace taga.

"Ta ɗakinta mana, mijin yaya. Ina kake so ta ajiye wakenta, a ɗakin matata?"

Na tambaye shi a ina take kwana. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa.

Na san wannan. Hatsi na gida ne, yana rumbu. Wake kuwa na mace ne, daga 'yar gonarta, kuma ba ta ajiye shi inda idonta ba ya kai. Mahaifiyata ma ƙarƙashin gadonta take tura nata. Na sani tun ina yaro, amma ranar da nake ƙirga daƙiƙu mangaza kawai na gani.

Salular gidan ita ce a hannunsa. Muka kira maƙwabcinsu, ba rezo, kiran bai shiga ba. Na kira malamin gona, ya ce a fito da ita yanzu, a buɗe ko'ina, kada kowa ya daɗe a ciki, a kai ta likita ko ta ce lafiyarta lau. Muka hau babur ɗin ƙanin matata. A hanya bai ƙara tsokana ba. Sau ɗaya ya ce jiya ta yi kukan ciwon kai, sun ɗauka rana ce. Ni kuwa ina ta ƙirga dare biyu a zuciyata.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Daga zaure nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule, ba ta kama sunana. Ɗakinta kuwa ko bakin ƙofarsa ban taɓa takawa ba.

Muka tarar da gidan shiru, mata sun tafi rijiya. Ƙofarta a rufe take. Ɗanta ya kira, ba amsa. Ya tsaya yana sake kira, ni kuwa na wuce shi na banka ƙofar. Wari kamar na tafarnuwa ya tare ni. Tana kwance a gado, buhunan na gefen kanta, ga kwano a ƙasa da ta yi amai a ciki. Idonta a buɗe. Da ta gane ni sai ta fara laluben mayafi don ta rufe fuska, hannun bai kai ba. Na riƙe numfashi, na ɗauke ta kamar yarinya na fito da ita tsakar gida.

A ɗakin likita na garin aka duba ta, aka ce a wuce da ita Damagaram. Ta kwana huɗu a asibiti. Likitan ya ce abin da ya taimake ta shi ne rufin ɗakin na kara ne, iska na fita, kuma da rana tana yini a waje. Bai faɗi abin da zai faru da ta yi dare na uku a ɗakin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da za a sallame ta ta aiko matata ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta juya fuska bango, ta ce, "Ɗan nan, maganarka na bi, ban ƙara ban rage ba."

Na ce, "Ni na rage, Inna."

Can ta ce Allah ya kiyaye gaba, kuma a je a fitar mata da wakenta kada a bar wa kaji.

Na gaya wa Madam komai, ina jiran kora. Ba ta kore ni ba. Muka yi sabon saƙo, gargaɗin shi ne maganar farko, aka tura wa kowace ƙungiya, aka roƙi mutane su goge tsohon. Daga baya ta sa ni in riƙa koya wa sababbin ma'aikata yadda ake irin wannan rubutu, kuma har yau shi nake yi, ni da ban da shaidar karatu. Ina sa su fara da abin da zai iya kashe mutum. Ina sa su faɗa mini a wane ɗaki mai sauraro zai tsaya in zai yi abin da suka ce, da kuma wa ke kwana a ɗakin. Wasu suna ganin na cika damuwa.

Inna tana nan da ranta, sai dai numfashinta bai koma daidai ba, tana tsayawa ta huta tsakanin ɗaki da rijiya.

Kakar bara ina cikin mota a tasha, sai na ji muryata daga kujerar baya. Na kasa kunne ko sabon ne. Tsohon ne: ya kai wajen kulle wurin, ya ƙare, ba gargaɗi ko ɗaya. Na juya na yi wa mai salular bayani har ya goge a gabana. Na tambaye shi wa ya turo masa, ya ce bai tuna ba. Na tambaye shi ko ya tura wa wani. Ya ce eh, 'yan uwa, da yawa, ai magana ce mai amfani.