Mai Ganga, Motar Kawu

Bayan na bar makaranta ba sana'ar da ta zaunar da ni. Na yi cajin waya, na tuƙa keke napep har mai shi ya ƙwace abinsa. Da inna ta gaji sai ta kai ni Galtimari wajen ƙanenta, ta ce ya riƙe ni ko ya sayar. Kawu ya miƙo min makullin motarsa. Aikina in je Khaddamari da safe in ɗauko masa albasa da tumatir.

Motar ta girme ni, kuma cuta biyu gare ta. Ta farko birki: sai ka taka, ka saki, ka sake takawa kamar tela a kan keke, sannan ta yi ƙiii ta fara shawarar tsayawa. Ta biyu wani bugu ne a baya, kwal-kwal-kwal, duk sanda taya ta faɗa rami.

Ni birkin ne damuwata. A hanyar nan akwai shingen jami'an tsaro, kuma motar da aka ɗaga wa hannu ba ta tsaya ba, ba a tsayawa tambayarta dalili. Kawu kuwa bugun ne ke cinsa. Yaran layi sun raɗa wa motar Mai Ganga, in ta shigo su bi ta da rawa. Shi kuma mutum ne mai zaman majalisa bayan la'asar yana gyara wa jama'a addini, musamman masu ɗaura laya, waɗanda yake cewa imaninsu bai kai ƙwayar gero ba. Irin wannan mutum ba ya shiga motar da ake yi wa rawa.

In na kawo maganar birki sai ya ce, "Kai dai tuƙa. Motar nan a tsare take." Na ɗauka tawakkali yake nufi.

Muka kai ta gareji. Bakanike ya danna bayanta da hannu biyu, ya saki, ta yi ta lilo kamar kwalekwale, ya karkata kai ya ce shokazoba ce, mai shanye jijjigar rami. Aka canja. Ba mu bar layin ba sai kwal-kwal. Muka koma ya ce ai dama bushin ne, robar da ke tsakanin ƙarafa, shokazobar ta ɓoye shi. Har mai shayin gefe ya sa baki ya ce bol-join ne, alhali bol-join a gaba yake, bugun kuma a baya. Duk wanda ya jawo kwali zai shiga ƙarƙashi, sai Kawu ya tare shi, wai gwani da kunne yake gane ciwo, kwanciya a ƙasa ta 'yan koyo ce. Bakaniken ya ji an ce gwani, bai ƙara sunkuyawa ba.

A shagon kayan gyara na lallaɓa na sa aka fito da fad ɗin birki, abin nan da ke cije faifan taya. Mai shago ya jera iri-iri: orijinal a kwalinsa, Beljiyam da aka ciro daga motar da ta mutu a Turai amma da sauran nama a jikinsa, sai ɗan Chana mai sheƙi, wanda shi kansa mai shagon ya ce yana kamawa in ba sauri kake ba. Kawu ya jujjuya su kamar mai zaɓen kankana, ya ajiye, ya ce shi bushin ya zo saya.

Ba a jima ba abin da nake tsoro ya leƙo. Na taho da lodi, aka ɗaga min hannu, na yi ta ɗinki da ƙafa, motar ta wuce buhunan yashi kafin ta ga dama. Na ga bakin bindiga ya juyo ya dube ni. Aka sauke ni, na sha faɗa, Allah ya sa iyakarta ke nan. Da na wuce sai na faka gefen hanya, na shimfiɗa buhu, na shige ƙarƙashinta in ga uban da ya tsare ta.

Ƙahon rago ne, an ɗinke bakinsa da jar fata, an ɗaure shi da waya. Wayar ta saki, yana reto yana dukan salansa. Na buga shi da yatsa. Kwal.

Na kwance shi na sa a aljihu. Motar ta shiga Galtimari shiru kamar amarya, yara suka tsaya baki buɗe. Kawu na majalisa, ya taso da fara'a yana tambaya me na yi mata. Na ja shi gefe na buɗe masa aljihu ya leƙa. Fuskarsa ta sauka.

"Na mai motar na farko ne," in ji shi.

"Fatar sabuwa ce, Kawu."

Ya ce in ba shi. Na ce zan ba shi, ko a ɓoye bayan an gyara birki, ko yanzu a gaban dattawan can da ke jiran ƙarashen wa'azi, in kuma haɗa musu da labarin shokazoba. Ya ce ni ɗan 'yar'uwarsa ne fa. Na ce shi ya sa nake so in rayu.

Washegari a shago ya miƙa hannu wajen ɗan Chana. Na taɓa aljihu na yi tari. Hannun ya koma kan Beljiyam, na ƙyale shi, don kuɗin orijinal sai ya kashe shi. Aka ɗaura. Fad ɗin da aka cire kuwa ƙarfe ne zalla, bakanike ya ɗaga wa mai shayi ya gani.

A hanya na taka sau ɗaya, ta tsaya cak, har Kawu ya sumbaci gilashi. Na miƙa masa ƙahonsa.

Da asuba na fito na tarar da ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin motar, yana mayar da shi. Wannan karon da robar taya ya ɗaure, ya ja da kyau.