Huhun Wule

Ni mahauci ne, a kasuwar Gaya nake fawa, kuma cikin dabba ya daina ba ni mamaki tun ina saurayi. Amma abin da na gani a huhun saniyar Baffa Hadi, wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baffa Hadi mutumin Toranke ne. A ruga aka haife shi, daga baya ya zauna ya kama noman gero, amma bai rabu da shanu ba. Ga kyauta kamar ba ya son abinsa. Matarsa Hure kan ce, "Malam, wata rana da singileti za ka dawo mana daga kasuwa."

Wata shekara ciwon huhu ya faɗa wa garkensa. Shanu suka kama tari, suna miƙe wuya suna nishi. Aka yi ta dirka musu allurar kasuwa, a banza. Duk wadda ta kwanta ba ta tashi ba, sai wata fara mai suna Wule. Ita kam ta murmure, ta yi ƙiba, har ta haihu. Baffa ya ce wannan mai albarka ce, ko a mafarki ba zai sayar ba.

Ana nan ɓarayi suka kwashe wa ƙaninsa Kamilu shanu a Kademi, suka bar masa 'yan kaɗan. A danginsu, in haka ta faru, ana ɗaura wa ɗan'uwa saniya, ya riƙe ta ta haihu, 'ya'yan nasa, uwar ta koma gida. Da wani ne, ramammiya zai bayar. Baffa fa? Wule ya kwance, ya kora ta da ƙafa cikin zafin bazara har Kademi.

Kafin damina ta zauna, shanun Kamilu sun fara tari, ɗaya ta mutu. Malama Khaula, likitar dabbobi, ta ɗebi jininsu, ta dawo ta ce Wule ce ke raba ciwon.

"Wule?" in ji Baffa. "Haba Malama, dubi bayanta fa!"

"Baffa, na gani. Amma in ba a yanka ta ba, ragowar ma tafiya za su yi."

Ni ma ina wurin, don ni na raka Baffa Kademi. Sai ya ce in kawo wuƙa.

Da na buɗe ƙirjin, sai ga huhu manne da haƙarƙari, a tsakiyarsa wata jaka mai tauri kamar ƙaramar ƙwarya. Na tsaga. La'ilaha illallahu! Mataccen nama ne a ciki, toka-toka, yana marmashewa kamar tsohuwar awara. A gefe guda jakar ta ɗan yage.

Malama Khaula ta tsuguna tana nuna mana. Ta ce ƙwayar ciwon ƙanƙanuwa ce ainun, ko ɓawo ba ta da shi, shi ya sa allurar da ke fasa ɓawon ƙwayoyin cuta ba ta kama ta. Takan manne a jikin ƙwayoyin halittar huhu tana zuba musu dafi, har su mutu, wasu ma su kashe kansu da kansu. Da jikin Wule ya kasa fitar da mushen, sai ya yi masa katanga ya rufe. Naman ya mutu, amma ciwon na nan da ransa a ciki. Wahalar doguwar tafiya na iya yaga katangar.

Ikon Allah! Kabari a cikin ƙirjin dabba, tana kiwo, tana ba da nono, ba wanda ya sani. Sai na kama tasbihi.

Baffa ya dafa kan saniyar. Ya juya wajen ƙaninsa.

"Kamilu, mafi kyawun abin da na mallaka na kawo maka."

"Na sani, Yaya," in ji Kamilu, idonsa a ƙasa. "Tun makon da ta zo nake jin tarinta da safe. Na kasa aiko maka ka zo ka ɗauke ta."