Hular da Na Aika wa Baffa Idi

Ranar Talata da hantsi ƙanena Sabi'u ya bugo waya daga Dutse ya ce Baffa Idi ya cika, har an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina Belgrade, shekara goma sha uku ke nan, garin da na zo karatu na maƙale. Ban samu sallarsa ba, kamar yadda ban samu ta kowa ba.

Baffa Idi ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Ɗinkin hula da wankinta ne sana'arsa, tun a Garki, har ya koma unguwar Takur da aka yi jiha, ma'aikata suka cika Dutse. Bai taɓa auna kan mutum yana zaune ba, sai ya miƙe tsaye. Yakan ce, "Kai ba wurin wasa ba ne." Da zan taho, wata biyu ya yi yana ɗinka mini kube.

Ban sa ta ko sau biyar ba. Kallo ya ishe ni, na jefa ta akwati. Maigidan da nake haya, wani tsohon manomi, ya gan ta ya yaba, muka yi musaya. Ya ba ni tasa, shaikacha, hular Sabiyawa, mutanen ƙasar nan, ta ulu mai ruwan toka, samanta a lotse kamar kwalekwale. Ita na aika wa Baffa, na rubuta cewa sabuwa ce fil, ta manyan mutane, da tsada na saya. Ƙarya uku a layi ɗaya, ta huɗun kuma na ce kullum Juma'a kubensa ce a kaina.

Ya sa ta. Mutumin da ya ɗinka wa rabin gari hula, ga shi da ulu a ka cikin zafin bazara. Sannan aka fara yaƙi a nan, talabijin ta riƙa nuna masu bindiga da irin hular, ana kashe Musulmi a Bosniya. Na san za a gani a gida. Wasiƙa ɗaya ta isa in ce ya cire, amma ban rubuta ba, don kada zance ya kai ga kube. Lokacin da maganar shari'a ta yi zafi, wasu samari suka tare shi a ƙofar masallaci suka ce hular maƙiya ce. Ba zan zarge su da yawa ba, abin da suka gani ke nan. Wasu masu kawo masa hula ma suka janye wankinsu. Sabi'u ya ce amsarsa ɗaya ce: "Hula ba ta taɓa harbin kowa ba. Ɗana ne ya aiko."

A wayar na ce, "Sabi'u, akwai abin da ban faɗa wa Baffa ba."

Ya ce, "Yaya, in maganar hula ce, ka makara. Ranar da ta iso ya juya cikinta, ya shinshina, ya ce gumin dattijo ne, na shekaru. Wai mai wankin hula za a yi wa wannan?"

Sabi'u ya ci gaba:

"Ya ce namiji ba ya cire hular kansa ya bayar sai an ba shi wata. Allah ya sa kuben da ya ɗinka ta yi wa bawan Allahn daidai. Ya kuma hana mu gaya maka, wai baƙunta ma ta ishe ka."

Ta yi masa daidai, Baffa. Da ita tsohon yake zuwa kasuwa har ya mutu. Shi ya san darajarta, ni da aka ɗinka wa ban sani ba.

Allah ya jiƙan Baffa Idi, ya yalwata kabarinsa, ya suturta shi kamar yadda ya suturta ni. Allah ya ba Inna Rabi matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya roƙa mini gafara, don wanda zan nema a wurinsa ya riga ni tafiya.