Farfela Mai Lamba Tara

Da na gama sakandare zaman gida ya gagare ni, sai Kawu, ƙanen Inna, ya ce in zo Dutse in riƙa tsare masa shago. Kayan injin ban-ruwa yake sayarwa da na janareta, da ɗan abin da ba a rasa ba na injin jirgin ruwa, saboda mutanen bakin kogi sukan zo nema idan damina ta yi nisa. Mutum zai shigo ya gan ni a bayan kanta, ya ce ina mai shagon. Sai in ce ya faɗi abin da ya kawo shi, in kuma gaisuwa ya zo yi, gidan Kawu na bayan masallaci. Kawu ya sha yi min faɗa a kan bakina. Bai kore ni ba dai, domin duk takardar da ta zo a cikin kwali sai na karance ta, shi kuwa jefar da su yake yi.

A cikin takardun nan na fahimci sha'anin farfela, wadda ke juyawa a ruwa ta tura jirgi. Kowace akwai lamba a jikinta, kuma lambar ƙarshe ita ke faɗin tsawon takunta a ruwa idan ta juya sau ɗaya. Mai babbar lamba takunta dogo ne, in jirgi ba nauyi sai ta tashi da shi kamar zai bar ruwan. Mai ƙaramar lamba takunta gajere ne, ba ta gudu, amma duk abin da aka ɗaura mata sai ta ja shi. Inji ɗaya ne, man fetur ɗaya, kwanciyar kunnuwan farfelar ce kawai ta bambanta. Abu ne mai sauƙi, amma na ga manyan mutane masu gemu suna musu a kansa har la'asar.

Garinmu a ƙasar Taura yake, a bakin kogi. Yaya, babban wanmu, yana da jirgin katako da inji mai ƙarfin doki goma sha biyar, da shi yake ƙetarar da mutane da babura idan ruwa ya yanke hanya. Wata ranar Alhamis a tsakiyar watan Agusta ya kira ni, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce ya haye kututture a ƙarƙashin ruwa, kunne ɗaya na farfela ya ɓalle, sauran sun lanƙwashe. In kawo masa sabuwa gobe, mai lamba goma sha uku, irin wadda abokinsa ya sa yake wuce kowa a kogin. Na tambaye shi aikin da zai yi da ita. Ya ce ba tambaya ya aike ni ba.

Bayan azahar Inna ta kira, daga bakinta na ji abin da Yaya bai faɗa ba. Kowace damina shanunmu sukan ƙetare zuwa wani tudu a hayin kogi don kada su shiga gonakin mutane, Baba Ƙarami, ƙanen mahaifinmu, shi ke zama da su. Bana ruwa ya zo da yawa. Ya zagaye tudun, kullum yana ci, har turken da aka kafa a gefe ya nutse. Manyan shanu za su iya iyo, amma akwai maruƙa bakwai, akwai kuma jar saniyata da ta yi haihuwar fari kwana huɗu da suka wuce, ko tsayuwa ba ta daɗewa a kai. Uwarta ce aka ba ni ranar sunana. Inna ta ce Baffa, mahaifinmu, ya ce in Asabar ta wuce shanun na can, to sai dai addu'a.

Na san yadda ake ƙetarar da su, tun ina ƙarama nake gani. A ɗaure ƙafafun maruƙa, a kwantar da su a kwale-kwale, a ɗaura kwale-kwalen a bayan jirgi. Da iyayen sun ji kukan 'ya'yansu za su faɗa ruwa su biyo, sauran garken su bi iyayen. Wadda ba ta da ƙarfi a sa mata igiya a ƙaho, a riƙe kanta sama, jirgi ya ja ta. Wannan ba aikin gudu ba ne. Na buɗe kwali na ɗauko mai lamba tara, na naɗe ta a tsohon zani, na faɗa wa Kawu abin da na yi. Ya dube ni ya ce in wana ya fasa min kai, kada in ce shi ya aike ni.

Da safe na shiga motar Gujungu, daga can na hau babur har inda hanya ta ƙare. Yaya na bakin ruwa yana jirana da sifana a hannu. Ya warware zanin, ya goge jikin farfelar da babban yatsa, ya karanta lambar, ya sake karantawa.

"Wannan fa?"

"Farfela ce."

"Na ce sha uku, kin kawo min tara. Huɗun kin cinye a mota ne, injiniya?"

Masu jiran jirgi suka kwashe da dariya. Na ce masa sha ukun tana Dutse, ba inda za ta, in an gama kwashe shanu ya je ya ɗauka ya yi ta tsere da abokinsa har kaka. Ya ce shekara shida yana kan ruwan nan, yarinyar da ko filafili ba ta iya riƙewa ba za ta koya masa ba. Na ce ban zo koya masa tuƙi ba, na zo ne don saniyata.

Abin da ban zata ba shi ne Baffa ya bi bayansa. Ya iso da sandarsa, ya saurare mu, ya ce shi dai a saninsa sha uku ta fi tara, kuma aikin gobe na mai ƙarfi ne. Mutanen wurin duk suka gyaɗa kai. Haka suke lissafin komai, buhu sha uku ya fi buhu tara, bijimi mai shekaru ya fi ɗan maraƙi. Na yi ƙoƙarin ba su misali da adaidaita-sahu idan zai hau gangaren Dutse da kaya, cewa ƙaramar giya direba ke sawa. Baffa ya ce shi bai taɓa tuƙa adaidaita ba. Raina ya ɓaci, na ji maganar da ke bakina ba ta dace da uba ba, na haɗiye ta. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana, kuma shi ya sa nake samun sararin da Yaya ba ya samu. Na durƙusa na ce, "Baffa, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da shi. A aro ta abokinsa, a gwada su biyun a nan kusa da gaɓa, kai ka yanke."

Ya ce a aro.

Canza farfela ba wani aiki ba ne. A zare fin, ɗan ƙarfen da ke tare noti, da filaya, a kwance notin, a zaro wannan a zura waccan. Aka fara da sha uku. Aka ɗaura kwale-kwale a baya, maza takwas suka shiga, aka ƙara buhunan yashi da aka tara don tare ruwa. Yaya ya juya goshin jirgin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ya murɗa totur har ƙarshe. Injin ya yi gurnani, ya kasa ɗaga murya, hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Jirgin na motsi, amma in ka dubi bishiyar giginyar da ke gaɓa, sai ka ga da ƙyar suke wuce ta. Wani a cikin kwale-kwalen ya ce ko su sauka su tura.

Aka sa tara. Da ya murɗa, kukan injin ya fito tas, igiyar ta miƙe, kwale-kwalen ya biyo ba gardama. Ba gudu suke ba, mai tafiya da sauri a gaɓa zai iya jerawa da su, amma giginyar ta koma baya kuma ba ta dawo ba. Baffa bai ma kalli jirgin sosai ba. Kunne ya karkata, kamar yadda yake yi idan yana sauraron numfashin shanun huɗa. Da suka dawo ya ce da Yaya, "Waccan ta farko ta shaƙe shi. A bar masa wannan." Ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, gobe da ke za a je, tunda ke kika ɗauko."

Yaya bai yi min magana ba har muka kwanta. Inna ta ce in kai masa tuwo ɗakinsa, na ce ƙafarsa lafiya lau take.

Asabar da hantsi muka isa tudun. Wurin da na sani da faɗi ya koma kamar filin ƙwallo, shanu sun cure a tsakiya, taɓo har gwiwa. Baba Ƙarami ya riga ya ɗaure maruƙan. Aka kwantar da su a kan ciyawa a cikin kwale-kwale, ni da Baffa muka zauna tare da su, Yaya a kan inji. Jar saniyata aka bari sai sawu na biyu, ita da ɗan maraƙinta don kada ta haukace, da wata tsohuwar saniya.

Da muka tashi, maruƙan suka ɓarke da kuka, iyayen suka yi ta kai da kawowa a bakin ruwa, sannan wata baƙa mai karyayyen ƙaho ta faɗa, sauran suka biyo. Ba ka ganin komai sai ƙahoni da hanci. A tsakiyar kogi ruwan ke da ƙarfi, kuma a ƙasa kaɗan akwai dajin ciyawar kacala, wadda in saniya ta shiga ƙafafunta suka sarƙe, shi ke nan. Yaya ya karkata goshin jirgin sama, ya riƙe totur a rabi, muna tafiya kamar ba ma tafiya. A nan halina ya motsa. Ni da na zo da farfelar rashin gudu, ni ce na fara ɗaga murya ina cewa ya ƙara wuta, akwai sauran ƙarfi a injin, me yake jira.

Bai ko waiwayo ba. Baffa ne ya ce, "Rufe bakinki. In ya yi nisa da su suka daina jin kukan 'ya'yan, baya za su juya, a tsakiyar ruwa."

Na rufe. Wannan babu shi a takardar cikin kwali. Na zauna ina kallon yadda Yaya ke sassautawa idan ƙahonin sun yi baya, ya ƙara kaɗan idan ruwa ya fara tura mu wajen kacala, kuma duk sanda ya nema injin na ba shi. Haka muka kai gaɓa, shanun suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe jiki, Inna na tsaye tana ƙirga su da leɓe.

Sawu na biyu shi ne nawa. Aka sa wa tsohuwar igiya, Baba Ƙarami ya riƙe ta a hagu. Jar saniyata a dama, igiyarta an zagaya ta a katakon kwale-kwale, bakin igiyar a hannuna, Baffa na riƙe da ƙahonta ɗaya. Ɗan maraƙin na kwance a kan ƙafafuna. Ta yi iyo har kusan tsakiya, daga nan ta daina. Na ji nauyinta gaba ɗaya ya dawo kan igiyar, kwale-kwalen ya karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Idonta a buɗe, hancinta na nutsewa yana fitowa. Shanu biyu, mutum uku, kwale-kwale mai shan ruwa, ga kogi na tura mu ƙasa. Na ga kacalar na matsowa har ina iya rarrabe ganyenta.

Wannan karon igiyar kawai na ƙara damƙewa. Yaya ya waiwayo sau ɗaya, ya ga abin da ake ciki, ya murɗa totur har ƙarshe. Injin ya ɗaga murya bai shaƙe ba. Igiyar da ke tsakaninmu da jirgin ta miƙe har tana ɗigar da ruwa, muka tsaya cak na ɗan lokaci, sannan muka fara haurawa. Tafin hannuna ya saluɓe, ban sani ba sai daga baya. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta yi tangaɗi, ta durƙusa a taɓo, maza suka taru suka ɗaga ta. Na kwance ɗan maraƙin na tura mata. Ta daɗe tana huci kafin ta sunkuya ta fara lasarsa.

Yaya na tsugune yana cire ciyawar da ta naɗe a farfela. Na je na tsaya a kansa, ina jira ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa. Ya ɗago ya dubi hannuna ya ce in je Inna ta sa min man shanu. Na ce saura. Ya ce saura me, jirginsa ya zama jaki, ranar kasuwa kowa zai wuce shi yana ɗaga masa hannu, in na koma Dutse in aiko masa da sha ukunsa.

Na aika masa, da fin guda biyu da bai tambaya ba. Ranakun da mutane kaɗan ne yakan sa ta ya yi ta tsere da abokinsa, an ce har yakan ci wani lokacin. Mai lamba tara kuwa tana cikin jirgin, a ƙarƙashin katakon da yake zama, naɗe cikin tsohon zanina. Da na je gida da sallah na ce ya ba ni zanin, ya ce in nemi wani.